Ja da Ja, Baƙi da Baƙi

Ana sauke sabon batirin daga bayan mota 'yan layinmu suka fara maganar Injiniya, kamar ba shi ne zaune a bakin ƙofa da bargo a gwiwa ba. Mai shago ya ce wannan tsohon ba zai bari baƙon batir ya kwana a gidansa ba. Tela ya ce ai Injiniya ya fi jin kukan batir a kan kukan jikokinsa. Wani kuma ya tuna mana cewa ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Shekara arba'in ya yi yana cajin batirin motoci a tasha, direbobi suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har gida. Ni dai na kama gefe ɗaya na kwalin muka shiga da shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni kafinta ne, kuma sai da furfura ta fito min na shiga ajin manya na koyi karatu. Injiniya ne yake duba min aikin gida, tabarau a kan karan hanci, yana cewa baƙaƙena sun fi ƙusoshina karkacewa.

Turakun wuta ba su taɓa isowa unguwarmu ba, can bakin babban titi suka tsaya. Injiniya ne ya fara ɗora faifan sola a rufi. A ɗan ɗakin ajiya da ke jikin ɗakin kwanansa akwai batura na ruwa, baƙaƙe, jere a kan bencin da na ƙera masa. Dattawa yake kiran su. Duk Asabar sai ya buɗe murafansu ya leƙa, ya ɗiga wa mai ƙishi ruwan batir, yana yi musu hira. A kan ƙusa kusa da su akwai wayoyinsa masu kauri na zamanin tasha, masu bakin kama. Sau nawa na gan shi yana tayar da motar da ta ƙi tashi da su, yana cewa, "Ja da ja, baƙi da baƙi, shi ke nan karatun."

Da huhunsa ya gaza, Auta, 'yarsa ta ƙarshe wadda take aikin nas, ta kawo injin da ke tace iska ya tura masa ta siririn tiyo a hanci. Injin ba ya son hutu, dattawa kuma sun tsufa, ba za su iya riƙe shi ba. Shi ya sa ta sayo sabon batir irin na zamani, na litiyam, wani farin akwati mai ɗan allo da ke nuna sauran ƙarfinsa da lamba. Mai sola ya mayar da manyan fayafan kan sabon batirin, ya bar wa dattawa ƙaramin faifai ɗaya da ƙwan fitilar tsakar gida. Ya tsaya yana yi wa Auta dogon bayani da kalmomin sana'arsu, yana nuna farin akwati yana nuna benci. Ya juyo ya tambaye ni ko na gane. Na gyaɗa kai. Wanda ya yi karatu da furfura ba ya son a ga bai gane ba.

Injiniya ya yi ta mita a kan an mayar da dattawansa masu gadin fitila ɗaya. Auta tana dariya tana cewa, "Baba, ai kai ma ritaya ka yi." Haka suke, kullum cikin tsokanar juna.

Sai aka shiga ruwa na kwana uku, rana ba ta leƙo ba. A rana ta uku da hantsi Inna, matar Injiniya, ta kira ni ta kan katanga in zo in karanta mata lambar. Na karanta: ashirin da biyu. Kafin mu gama gaisawa ta koma ashirin da ɗaya. Auta tana wurin aiki, waya kuma ba ta shiga daga cikin unguwa in ana ruwa. Inna ta yafa mayafi ta ɗauki lema, ta ce in zauna da shi, za ta je bakin titi ta kira ta.

Injiniya yana barci, injin yana gurnani a gefen gado. Na tsaya a ƙofar ɗakin ajiya ina kallon lambar tana sauka. Ga dattawa zaune a benci ba aikin fari balle na baƙi. Na ce a raina hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na sauko da wayoyin daga kan ƙusa. Ja da ja, baƙi da baƙi. Tartsatsi ya tashi, na ja da baya, sannan komai ya yi shiru. Har wani daɗi na ji.

Lambar ba ta hau ba. Sha takwas. Sha biyu. Na taɓa wayar na ji ta yi zafi. Kafin in yanke shawarar abin yi, farin akwatin ya yi ƙas, allon ya mutu. Injin ya yi ƙara sau uku ya tsaya.

Ba zan manta yadda ya farka ba, baki buɗe, hannu yana lalubar iska. Na tayar da shi zaune, na jingina shi a ƙirjina, na buɗe taga ruwa yana feso mu, na yi ta yi masa fifita da murfin kwali. Kusan awa ɗaya muka yi haka kafin Auta ta iso a kan babur, jiƙe sharkaf, rungume da tukunyar iska ta asibiti. Sai da leɓɓansa suka dawo daidai ta leƙa ɗakin ajiya. Wayoyin suna nan inda na bar su.

"Wa ya yi wannan?"

Na buɗe baki. Injiniya ya matse min hannu da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ni ne," ya ce.

Ta yarda, don taku biyar ne daga gadonsa zuwa bencin, kuma kowa ya san mitarsa. Ban taɓa jin Auta ta ɗaga wa mahaifinta murya ba sai ranar. Ta ce ita tana can tana tsaye a kan ƙafafunta don ya samu numfashi, shi kuma yana nan yana wasa da ransa saboda tsofaffin batura. Ta ce abubuwa da yawa. Ya rufe ido yana saurare. Ni kuma ina tsaye da murfin kwali a hannu.

Washegari mai sola ya zo ya tayar da farin akwatin. Wannan karon na ce ya yi min bayani da Hausar da zan ji, kuma na sa shi ya maimaita. Ya ce in ɗauka tankin ruwa biyu ne, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In ka haɗa su da bututu, na sama ne zai zube cikin na ƙasa. Sabon yana tsayawa sama da tsofaffin, ga shi ɗaya daga cikin dattawan ya riga ya lalace a ciki, tanki ne mai huji. Maimakon su taimake shi, shanye shi suka yi, shi kuma da ya ga haka ya kulle kansa.

Da ɗakin ya rage daga ni sai Injiniya, na matsa kusa na ce zan faɗa wa Auta gaskiya. Ya girgiza kai. Maganarsa ta koma guntu-guntu, yana hutawa tsakani.

"Ja da ja dai ka yi daidai," ya ce. "Ɗalibi bai yi laifi ba. Malamin ne bai kai shi babi na biyu ba."

Na ce ba abin dariya ba ne.

"Ita 'yata ce. Fushin kwana biyu ne, za ta huce. Kai kuwa in ta hana ka shigowa, wa zai karanta wa Inna lamba?"

Ban faɗa wa Auta ba. Na gaya wa kaina umarninsa nake bi. Amma na san har da tsoro.

Auta ta ɗauki hutu ta zauna a gida. Tana ba shi magani a kan lokaci, tana gyara masa tiyo, tana juya masa matashi, amma ba tsokana. In ya jefa mata wasa sai ta ce, "Baba, ka adana numfashinka." Yana bin ta da ido har ta fita. Kwana biyun da ya yi lissafi ba su ishe ta ba, shi kuma ba shi da na uku. Da safe ya cika, rana ta fito tas, lambar tana kan ɗari, injin yana ta aikinsa. Likita ya riga ya gaya musu tun tuni cewa huhun ya ƙare. Na riƙe wannan maganar, amma ba ta riƙe ni ba.

Bayan mako guda, da baƙi suka watse, Auta ta aiko in zo in taya ta fitar da dattawa, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo. Na same ta tsugune a ɗakin ajiya da tsumma, tana goge musu ƙura ɗaya bayan ɗaya, kamar ba zubar da su za a yi ba. Kwalbar ruwan batir tana gefe, saura rabi.

Ba ta ɗago ba ta fara magana. Ta ce ta ga mutuwa da yawa a wurin aiki, ba ita ce ke hana ta barci ba. Ta ce abin da ke cin ta shi ne maganar ƙarshe mai tsawo da ta yi da mahaifinta faɗa ce. Ta ce da daren ƙarshe ya ce mata ta zauna su yi hira, ta ce masa sai gobe.

"Kawu, me ya sa ya yi haka? Shi da ya fi kowa sanin batir?"

Kawu take kira na tun tana rarrafe. Na dubi ƙusar. An mayar da wayoyin wurinsu, ja a kan baƙi, a naɗe yadda yake naɗe su. Daga tsakar gida ina jin Inna tana shara a hankali.

Na tsuguna har gwiwoyina suka taɓa siminti.

"Bai yi ba, Auta. Yana barci. Ni na haɗa su, shi kuma ya rufa min asiri, na bar ki kika yi fushi da shi." Hannunta ya tsaya a kan murfin batirin. "Ki yafe min, 'yata. Ki yafe min."