Ranar da Gwamnati Ta Zo Ba Inna Haƙuri

"Koma ka sake shigowa, ba ka yi kama da gwamnati ba!" in ji Auta, tana dariya har da riƙe ciki.

Mijinta, wanda kowa ke kira Direba, ya koma bakin ƙofa, ya gyara kwat ɗin da ya aro, ya turo tumbi gaba. Gwaji suke yi. Kotu ta yanke hukunci cewa duk gidan da sojoji suka ɗauke wa mutum a shekarar kame, a biya su diyya, kuma wakilin gwamnati ya tako da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Yau layi ya zo kan Inna, wadda aka fitar da mijinta daga aji yana cikin koyarwa, tun Auta tana goye. Ba a sake ganinsa ba.

Diyyar ba ta dami Inna ba. Abin da ta ƙudurta shi ne, "na yafe" ba za ta fito daga bakinta ba. Matsalar dai Inna mace ce da ko ƙafarta ka taka, ita za ta riga ka cewa yi haƙuri. Shi ya sa 'ya'yanta suka kwashe kujerun falon kaf suka cusa a ɗaki, don kada hannunta ya yi suɓuta ya nuna wa baƙo wurin zama.

"Gwamnati na neman afuwa," in ji Direba da murya mai kauri.

"Ba komai, Allah ya yafe ma..." Inna ta kama bakinta.

Falon ya kaure da ihu. Yaya, babbar 'yarta, ta zube a ƙasa tana share hawayen dariya. "Haba Inna! Ba ruwa, ba kujera, ba sannu da zuwa. A tsaye za ki bar shi, kamar yadda suka shanya ki a ƙofar kurkuku."

"To ai fuskar Direba ce, ta cika ban tausayi," in ji Inna, ita ma tana ƙyalƙyalawa. Rabon gidan da irin wannan raha har an manta.

Ana haka aka yi sallama. Kowa ya haɗiye dariyarsa. Gwamnatin da ta shigo wani siririn saurayi ne, kwat ɗinsa sharkaf, kumfar sabulu a kafaɗarsa. Ashe a gidan da ya baro, da ruwan wanki aka tarbe shi.

"Subhanallahi! Wa ya yi maka wannan aika-aika?" in ji Inna. "Auta, tawul! Direba, fito da kujera!"

"Inna!" in ji Yaya, kamar ta yi kuka.

Ina! Kafin a ankara saurayin na zaune da farantin shinkafa a cinyarsa, sanye da kwat ɗin aron Direba. Auta ta gudu kicin ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na rawa. Yaya kuwa ranta ya ɓaci da gaske, don ta san an gama, Inna za ta ba da yafiyar a kyauta.

Da ya cinye, saurayin ya durƙusa. Ya ce a madadin gwamnati yana roƙon a yafe abin da aka yi wa maigidan.

"An haife ka a lokacin?" in ji Inna.

"A'a, Mama."

"Ka san inda suka binne shi?"

Ya sunkuyar da kai. Dariyar kicin ta ɗauke.

Inna ta karɓi farantin daga gabansa, ta miƙa masa ruwa ya wanke hannu.

"Tashi, ɗana, kai ba ka yi mini komai ba. Ka koma ka ce musu ka ci ka ƙoshi. Yafiya kuwa, su turo wanda ya san kabarin, ya zo ya roƙa."