Goma da Ɗigo Takwas

"Karanta min, 'yar nan. Nawa ta nuna?"

Baba Matuƙi ne yake tambayata. Yana zaune a bakin gado, ya kife rimot ɗin jirginsa a kan cinya, ya cire murfin baya. Ya dafa wayar mitar awon batiri, ja a nan, baƙa a can, daidai kan batirin. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo, yatsun nan ba sa ɓata hanya.

Ni tela ce, ƙofata na kallon tasa. Idonsa na hango nesa tar, amma ƙananan lambobi sun gagare shi ko da tabarau. Shi ya sa shekara shida ke nan, duk ranar da zai je filin ƙwallo ya tashi ɗan jirginsa na wasa, sai ya ƙwala min kira in bar keken ɗinki in zo in karanta masa mita. Doka gare shi: in lamba ta gaza tara da rabi, ko wa ya roƙe shi, jirgi ba zai tashi ba.

"Kowa batirin jirgi yake dubawa, ya manta da na hannunsa," haka yake cewa. "In na hannu ya mutu, kina kallo jirgi zai yi ta tafiya, ki yi ta kira ba ya jin ki." Haka jirginsa na farko ya haye rufin gidaje ya tafi, har yau ba labari.

Wannan kuwa sabo ne fil, mai rawayen fiffike. Wata takwas yana haɗa shi, ni na goge masa rufin fiffiken da dutsen gugata, yana tsaye a kaina yana mita wai zan ƙona masa. Bai taɓa tashi ba. Ranar nan Baba har ya sa takalmi, ya kafa hula.

Sai dai da safe 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ta tsaya a ƙofata kafin ta wuce aiki. "Yaya, don girman Allah kada ki bar shi ya fita. Likita ya ce zuciyar nan ba ta son ko hawan matakala. Ni ba ya jin maganata."

Na dubi mita. Goma da ɗigo takwas. Cike yake dam.

"Tara da ɗigo ɗaya, Baba."

Ya ɗaga kai ya dube ni, ni kuwa na shiga cire zare daga hannun rigata.

"Jiya fa na cika shi."

"To, ƙila batirin ne ya tsufa."

"Ya tsufa kam," ya ce, har da 'yar dariya. "Ba shi kaɗai ba." Ya sunkuya da ƙyar ya cire takalman, ya jera su a gindin gado. "Doka doka ce. Gobe, in Allah ya kai mu. Je ki, kada masu kaya su ce na hana ki aiki."

Wallahi har daɗi na ji da na fito. Na ce a raina na yi dabara.

Washegari da hantsi ina kan keke, sai na ji kukan 'yarsa. Irin kukan da ba sai an yi maka bayani ba. Na fita ba ko takalmi. Yana kwance a gefensa, fuskarsa wajen taga, kamar mai jiran a tashe shi shan shayi. Allah ya jiƙan Baba.

Bayan kwana uku muka shiga gyara ɗakin, ni da ita. A nan na kasa riƙewa, na faɗa mata abin da na yi.

"Ni na sa ki, Yaya," ta ce. "Ki daina cin ranki."

Na ji ta, amma maganar ba ta sauke min komai ba. Mutumin nan shekara shida bai taɓa cewa in sake dubawa ba. Abin da na karanta, shi ke nan. Abu ɗaya ya rage yana so a duniya, ni kuma na hana shi da bakina. Baƙin cikin nan har yau yana nan.

Ta miƙa hannu bayan ƙofa. "Wannan wayar ta mece ce?"

Wayar cajin rimot ce, a naɗe tsaf a kan ƙusarta, yadda yake rataye ta in ya gama da ita. Rimot ɗin kuwa yana kan tebur, ya mayar da murfin, ya ɗaure dukkan sukurorin. Mutumin da aka ce wa batirinsa ya yi ƙasa, mai shirin tashi gobe, bai sa shi a caji ba. Ashe ya sani.

Na zauna a bakin gadon, na kwance murfin. Ja a nan, baƙa a can, yadda na ga yana yi.

"Goma da ɗigo takwas, Baba," na ce.

'Yarsa ta buɗe taga don ƙurar shara ta fita. Jirgin na rataye da zare a tsakiyar ɗaki, iska ta shigo, ya ɗan juya hancinsa wajen ƙofa.