Koriyar Zumar Nasidi

A shekarar da sojoji suka yi bore a Bangui saboda albashi, kowa a unguwar Kilomita Biyar akwai abin da ya ruga ya ɓoye. Wani rediyo, wani keken ɗinki. Nasidi kuwa ƙudan zuma ya ɗauko. Amyoyinsa suna can hanyar Boali tun zamanin mahaifinsa, amma da ya ji za a tare hanya sai ya toshe bakinsu da laka, ya loda su a kura, ya turo har gidansa a Yakité, ya rataye su a mangwaron bayan gida. Sojojin da ke kan shinge da suka ji kayan suna ruri, ko buɗewa ba su ce a yi ba.

Nasidi ba mai kuɗi ba ne, harshe yake da shi. Shi ne mai ɗanɗano na ƙungiyar masu kiwon zuma, ya lasa sau ɗaya ya gaya maka itacen da ƙuda ya sha. Duk girmansa a unguwa nan ya tsaya, kuma yana ji da abin fiye da kima.

Abin da ya hana shi sakat shi ne Abdulgani, babban ɗan kasuwa a Titin Koudoukou, wanda ya fara shigo da zuma daga Douala cikin kwalabe masu kyau. Tas take, babu kaki, babu ko ƙafar ƙuda, ga hoton ƙudan zuma yana murmushi a jikin takardar. Nasidi ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ƙuda ya yi murmushi ba, daga nan ma ƙarya ta fara. Mutane dai suka yi ta saye.

Sai ƙungiya ta zauna a rumfar bayan masallaci don rubuta takardar koke. Rabin zaman ya tafi a kan wa za a kai wa, domin babu mai tabbacin ministan jiya shi ne na yau. Ya'u, mai saurin fushin cikinsu, ya ce a kai wa duk wanda ke riƙe da gidan rediyo. Shugabansu Alhaji Uwaisu ya ce a bar wurin sunan haka nan, in ƙura ta lafa a cike.

Ya'u so yake a hana zumar waje gaba ɗaya. Nasidi ya miƙe ya ce hani bai isa ba. Kowace kwalba a rubuta mata abin da ƙuda ya sha da inda ya sha shi. Duk wadda aka samu da sukarin waje a ciki, mai ita ya tuttular da ita a kwata da hannunsa, gaban jama'a. Aka yi ta tafi. Aka tsayar cewa ran Juma'a kowa ya zo da sabuwar zumarsa a sa hannu, a kira Abdulgani ya ga yadda ta gaskiya take. Kuma bisa al'ada, mai ɗanɗano da tasa yake farawa.

Safiyar Juma'a Nasidi ya yi hayaƙi, ya hau mangwaro, ya sauko da saƙa, ya matse a kwano. Ya tsaya yana kallo.

Zumar koriya ce shar.

Ya tsoma tsinken ashana ya ƙyasta, ta kama. Ya ɗiga a ruwa, ta nutse a dunƙule kamar kowace zuma ta gari. Sannan ya lasa, sai wani sanyi ya ratsa masa har hanci.

Matarsa Ummuhani ta leƙo, ta dangwala da yatsa. "Malam, ai wannan makilin ne. In kawo maka buroshi?"

"Ummuhani, ba lokacin wasa ba ne."

"To ka ce musu ba ta nuna ba. Wa zai hau bishiya ya duba?"

Ya so ya yi hakan, wallahi ya so. Amma mutumin da ya yi shekaru yana kiran zumar wasu ƙarya ba zai iya zuwa hannu rabbana ba. Ya ɗura a kwalba, ya naɗe da tsohon zani, ya fita.

Da ya warware zanin a rumfa, kowa ya zuba wa kwalbar ido, ana jin ƙarar bindiga can wajen kogi. Abdulgani ya karɓi kwalbar, ya shinshina, sai ya dafe kai.

"Lahaula! Siro ɗina ne! Siron na'ana'a!"

Ashe ranar da 'yan wawaso suka fasa ɗakin ajiyarsa da ke kusa da Yakité, shinkafa da mai suka kwashe. Katan-katan na siro, wannan ruwan zaƙi na Faransa da ake dama wa baƙi, suka farfashe a tsakar gida, aka bar su nan cikin rana. Ƙudajen Nasidi, baƙi a birni, ba su san inda fure yake ba, suka tarar da gara.

"Kenan da ƙudajenka aka yi mini wawaso," in ji Abdulgani. "Na yi ta zargin 'yan unguwa, ashe har da masu fiffike."

Daga nan gardama ta kaure. Ya'u ya ce zuma ce, tunda ƙuda ya yi ta, ƙuda kuma bai san kwastan ba. Wani ya ce to me za a rubuta a jikin kwalbar, itacen na'ana'a na Faransa, reshen Yakité? Wani ya kawo shawarar a sayar da ita a matsayin maganin mura. Nasidi yana zaune kansa a sunkuye don kunya.

Alhaji Uwaisu ya tausaya masa. "Malam Nasidi, ba kai ka zuba sukarin nan ba. A ganina a ɗauke kai. Lokacin fitina ne, ƙuda ma ta kansa yake yi."

"Madalla, na gode ƙwarai," in ji Abdulgani yana gyara hula. "In dai abin da ya bi ta cikin ƙuda zuma ne, ko me ya sha, to tawa ma wani ƙuda ne ya yi ta a wata ƙasa. Sai a yaga takardar, mu tafi mu ci abinci."

Kowa ya juyo ga Nasidi. Shi ya kawo dokar, kuma ya san in koriyar nan ta tsira, ba wanda zai sake tambayar harshensa komai. Zumar kuwa ita ce duk abin da ya samu tun da aka rufe hanya.

Ya miƙe. "Alhaji, ku biyo ni gida."

Ƙungiya ta bi shi har Yakité, Abdulgani a baya yana riƙe da bakin riga. Nasidi ya fito da kwanon gaba ɗaya, ya durƙusa bakin kwatar ƙofar gida, ya karkata shi. Zumar ta yi ta malala a hankali, koriya, tana ƙyalli. Hawaye yake yi sosai, bai ɓoye ba. Har Ya'u ya kau da kai. Aka miƙo takarda ya dangwala yatsa, yatsan duk danƙo.

"Yanzu saura taka," ya ce wa Abdulgani.

Abdulgani kuwa sama yake kallo. Wani ruri ne ya taso daga bayan gida. Ƙudaje suka tsallako katanga, suka sauka a kan kwatar har ba a ganin koren, kowanne ya cika cikinsa ya juya ya nufi mangwaro. Masu koke suka watse da gudu, Alhaji Uwaisu a gaba, takardar a kansa.

Nasidi kaɗai ya rage a durƙushe, yana kallon zumar da ya zubar tana komawa amyarsa.

Ummuhani ta leƙo daga zaure, ta lulluɓe har ido. "Malam, in wanke kwanon, ko in bar maka shi don ɗiba na gaba?"