Rigar Lamba Tara

"Ƙaro muryar rediyon nan, Tela, kunnen ma ya fara yi mini yajin aiki."

Tela ya miƙa hannu ya murɗa. Ɗakin sai warin man zafi, ga kwalaben magani jere a kan taga, fanka tana juyawa kamar an yi mata dole. Maƙwabcinsa ne kwance a gadon, mutumin da duk layin ba a san shi da wani suna ba sai Lamba Tara. Ƙafafun da a da suke hana masu tsaron gida barci sun kumbura suntum, an ɗora su a kan filo.

Mai sharhi yana lissafo waɗanda suka fi cin ƙwallo a rukuni na biyu. Saura wasa ɗaya kakar bana ta ƙare, na gaba yana da sha bakwai, mai bi masa sha shida.

"Sha bakwai har da kuri!" Lamba Tara ya ja tsaki. "Ga ciyawa kamar katifa. Mu da muka yi a kan tsakuwa fa?"

"Kai dai ba ka rabuwa da cika baki."

"Cika baki? Sha takwas fa na ci."

Tela ya sunkuyar da kai yana kallon farcensa. Sha tara Lamba Tara ya ci. Duk duniya ba wanda ya kai su biyun nan sanin haka.

Shekara talatin da huɗu ke nan. A ƙungiya ɗaya suke, Lamba Tara yana gaba, shi kuwa Tela benci ya san shi ya san benci, da rigarsa mai lamba sha huɗu. A wasan ƙarshe na kakar, wani mai tsaron baya ya cafko rigar Lamba Tara ya farke ta daga wuya har ƙugu. Ƙungiyar ba ta da rigar canji, sai koci ya ce Tela ya tuɓe tasa. Da ita Lamba Tara ya tashi sama ya sa kai, raga ta girgiza. Alƙalin wasa kuwa ba ruwansa da fuska, lamba yake rubutawa. Ya rubuta sha huɗu.

Da an rubuta wa Lamba Tara wannan ƙwallon, da ya kamo na ɗaya a cin ƙwallo, wanda babbar ƙungiya ta ɗauke a makon. Ofishin gasa ya ce abu mai sauƙi ne, mai lamba sha huɗu ya zo cikin kwana bakwai ya sa hannu cewa bai taka fili ba. To amma sunan Tela ya riga ya fito a jarida, karo na farko kuma na ƙarshe. Mahaifinsa, wanda kullum yake kiran ƙwallo shiririta, ya sa aka yanko shafin aka sa a gilashi, yana nuna wa baƙi. Tela ya ce gobe zai je. Gobe ta zo ya sake cewa gobe, har kwana bakwai suka cika. Shekarar da ta biyo baya gwiwar Lamba Tara ta goce, ya koma tuƙin motar haya.

Bai taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Tela rai. Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, 'ya'yansu sun tashi tare, shafin jaridar kuma yana nan rataye a shagon ɗinki.

"Auta!" Lamba Tara ya kira 'yarsa. "Buɗe akwatin nan na ƙarƙashin gado, ki ba Babanki Tela koriyar rigar."

Ta ciro ta, rigar ta koɗe, tsagar tana nan yadda aka yi ta.

"Ɗinke mini ita. Shekara da shekaru ina zaune kusa da tela, rigata a yage. Abin kunya."

Tela ya karɓi rigar. "Tara, akwai wata magana da nake so mu yi."

"Numfashin ya yi gajere yau. In ka kawo rigar gobe sai mu yi ta."

Tela ya fito, kuma abin da ya ji a ransa sauƙi ne, sauƙin da ya sa ya ji kunyar kansa.

Washegari da safe ya shimfiɗa rigar a kan keken ɗinki, ya jawo akwatin zare. Koraye kala huɗu gare shi, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ya ce babu wanda ya hau.

"Maigida, wa zai tsaya duba launin zare?" in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Aikin minti goma ne. Ka ɗinke ka kai wa bawan Allah."

"Ke me kika sani a ɗinki?"

Ya sa takalmi ya tafi kasuwa. Ya shiga rumfa shida yana kara zare a jikin rigar, yana sane sarai ba zare yake nema ba. Sai da rana ta take ya juyo.

Tun daga kan kwana ya hango takalma zube a ƙofar gidan. Auta na tsaye a zaure, idanunta jawur.

"Baba Tela, ya tafi. Tun ƙarfe sha ɗaya."

Tela ya dafa bango.

"Da safe yana ta kasa kunne ko zai ji ƙarar kekenka. Ya ce, 'Har yanzu Tela bai fara ba? Shi komai nasa sai gobe.' Har dariya ya yi."

Maganar da Tela ya riƙe shekara talatin da huɗu ta fito da kanta, ba ta da nauyin komai.

"Auta, babanki sha tara ya ci. Ɗayar tana wurina."

Ta dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da rashi ya ruɗa.

"Sha takwas ne, Baba. Shi da bakinsa kullum haka yake faɗa. Je ka zauna, ka sha rana."

Da yamma, bayan an dawo daga kai shi, Tela ya buɗe shago ya zauna. Bai taka keken ba. Ya ɗauki allurar hannu ya zura zaren farko da ya gwada da safe. A can ƙarshen layi rediyon wani yana ihu, an ci ƙwallo, mai sharhi yana ta nanata lambar wanda ya ci. Tela ya haɗa bakin tsagar, ya fara daga wuya.