Shida Ce, Ba Bakwai Ba

Sodangi leburan gandun daji ne a Kajiji, kuma in ana maganar itacen turare ba ya sunkuyar wa kowa kai. Shekarar da farar hula suka karɓi mulki aka kawo iri bakwai, wani daga ƙetare, wani daga wajen Zariya, don a ga wanda zai jure ƙasar nan. Shi ya shuka su layi layi, kowane layi da turkensa mai lamba. Da gara ta cinye turakun, bai tsaya jiran kowa ba, ya sassaƙa sababbi, ya rubuta lambobin da irin lissafin da ya koya wajen malaminsa na allo, wato na Larabci.

Shekara huɗu suka wuce. Ruwa ya yi ƙaranci, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana ta sallamar leburori a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. A lokacin aka turo sabon malamin daji daga Bodinga, Malam Sama'ila, saurayi mai son aikinsa amma da gaggawa. Ya auna tsawo, ya auna kauri, ya duba turken layin da ya fi kowane kyau, ya rubuta rahoto ya aika Sakkwato.

Ranar wata Laraba sai ga shi da buhun iri a bayan babur.

"Baba Sodangi, ga gwarzonmu," in ji shi. "Lamba bakwai. Shi za mu rena, dubu ashirin, a raba wa Dandin Mahe da ƙauyukan Shagari su tare iska."

Sodangi ya dubi buhun. Lamba bakwai ai shi ne layin bakin rijiya, 'yan tsiraran itatuwa masu busasshen kai, waɗanda ko awaki ba sa neman inuwarsu.

"Ranka shi daɗe, wane layi kag gani?"

Malam Sama'ila ya kai shi gindin dogayen itatuwan layin gabas, ya nuna turke. Nan Sodangi ya gane abin da ya faru. Shidan Larabci, in ɗan boko ya kalle ta, bakwai ce sak.

To, ga hanya mai sauƙi: ya yi shiru. Kafin irin ya nuna halinsa an yi shekara uku, wa zai tuna da wani turke? In kuwa ya yi magana, shi ne leburan da ya taɓa alamar gwamnati ba izini, ga iyali tara a gida. Tsoro ya ji, ba kaɗan ba. Amma ya tuna mutanen ƙauye da za su riƙa ɗauko ruwa a ka suna zuba wa abin da ba zai rayu ba.

Ya durƙusa, ya zana shidan Larabci a ƙasa, ya zana bakwan boko kusa da ita.

"Wagga shidda ta, Malam. Gara tac ci na hwarko, ni nir rubuta wanga."

Malam Sama'ila ya dubi lambobin biyu, ya dafe kai. "Ni ma fa na yi allo. Baba, rahoto ya riga ya tafi. In na gyara, sai sun tambayi wanda ya sauya turakun. Ka san halin da ake ciki."

"Na sani."

"Ko in ce ban san ko wane ne ba?"

Sodangi ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa.

"A'a. Ka ce Sodangi na. Su aiko muna da lamba shidda, sauran kuma Allah na nan. Amma ka rubuta musu ita da baƙaƙe, Malam, kada can ma wani shi karanta ta bakwai."