Tagar da Mai Walda Ya Ƙi Buɗewa

Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Haka mai walda ya koma tun ranar da ɓarayi suka fasa masa taga da rana tsaka, suka kwashe talabijin da keken ɗinkin matarsa. Bai kai ƙara ko'ina ba. Shagonsa ya tafi ya ɗebo rodi mai kaurin babban yatsa, ya bi tagogin gidan ya liƙe su kaf, har da ƙaramar tagar banɗaki wadda ko mage sai ta matse kafin ta wuce. Ƙofar baya ya toshe ta. Ta gaba ya yi mata ta ƙarfe, kwaɗon kuma ya rufe shi da ɗan akwatin ƙarfe, yadda hannu da makulli kawai ke shiga ta ƙasa, guduma ba ta da inda za ta sauka. Makulli ɗaya tak ya bari. Ya ce makulli biyu ƙofa biyu ce ga ɓarawo.

Mutanen layin suka raɗa wa gidan suna Kurkuku. Telan da ke maƙwabtaka da shi kan leƙo ya ce, "Gandiroba, yau an bar fursunoni sun sha iska?" Mai walda sai ya yi dariya ya daki ƙarfen da tafin hannu. "Ka kawo wanda zai ɓalle wannan, in bar masa sana'ar."

Su uku ne a gidan: shi, da matarsa, da mahaifiyarsa, tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar a ɗakin ƙurya. Duniyarta duka ta koma gado da ƙaramin rediyo da ɗan sararin sama da rodi ya yayyanka mata. Ba ta barin wani shiri ya wuce ta, na hukumar gwamnati mai kare masu saye, inda wata mata ke ba magidanta shawara: a karɓi rasit in an sayi kaya, kar a sayi wayar jona wuta marar tambarin inganci, kar a zuba wa wutar lantarki ruwa sai an kashe ta daga mita. Ranar nan matar rediyon ta ce duk gidan da aka sa wa tagogi ƙarfe, a bar taga ɗaya mai buɗewa ta ciki, makullinta a rataye inda kowa na gidan ya sani.

Tsohuwa ta sa aka kira ɗanta.

"Ka ji abin da gwamnati ta ce?"

"Inna, da ɓarayi suka shigo, gwamnati tana ina? Ita za ta kwana a ƙofata?"

"Ni dai ce maka na yi ka ji. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Matarsa ta sa baki daga bakin ƙofa. "Maigida, taga ɗaya ce fa. Wannan ta ɗakin Inna. Aikin da ba zai kai ka azahar ba."

"Tagar da ta buɗe miki, ta buɗe wa ɓarawo. Ke da aka kwashe wa keke har kin manta?"

"Keke ana sayen wani."

"To sayo mana mu gani."

Nan maganar ta mutu. Ita ma maganar wayar jona wuta haka ta mutu, don a makon ne ya shigo da wata doguwa fara da ya saya a bakin titi, marar kwali marar tambari, ya jona mata firiji da fanka da abin dafa ruwa, ya tura ta ƙarƙashin labulen falo. Matar ta taɓa ta ta ji ɗumi, ta ce, "Araha dai ba ta ado." Ya ce ƙarfe da wuta aikinsa ne, ba sai mai rediyo ta koya masa ba.

Wata rana ya yi aiki ba tare da gilashin kare ido ba, hasken walda ya shige masa. Ya kwana idanu kamar an zuba musu yashi. Washegari bai fita ba, ya kwanta a tabarma gefen gadon Inna da jiƙaƙƙen tsumma a fuska. An ɗauke wuta, gidan shiru. Matarsa ta ɗauki gyale za ta sayo masa maganin ɗigawa.

"Bari in ja ƙofar kawai, tunda kana nan."

"Ina nan da wane idon? Kulle mu ta waje, ki tafi da makullin."

"Maigida..."

"Na ce ki kulle."

Ta sa hannu cikin akwatin ƙarfen, kwaɗo ya ce ƙaras.

Barci ya ɗan ɗebe shi. Inna ce ta tashe shi da sandarta. "Kai, an kawo wuta. Amma me ke ƙauri haka?"

Ya cire tsumman, ya laluba bango har ƙofar falo. Da idon da ke ganin dishi-dishi ya hango labule yana ci, wutar ta riga ta kama bayan kujera, baƙin hayaƙi ya taru a sama kamar hadari. Ya ruga ga ƙofar fita ya ja. Ya sake ja. Sai a lokacin ya tuna da bakin da ya ba da umarni.

Ya ɗauki bokiti zai watsa, Inna ta daka masa tsawa daga ƙurya, muryar da rabon da ya ji ta tun yana yaro. "Kar ka zuba! Lantarki ne! Dawo nan ka rufe ƙofa!"

Ya koma, ya rufe ƙofar ɗakin, ya jiƙa bargo ya cusa a ƙasanta kamar yadda take faɗa masa. Ta ce ya sauko da ita ƙasa, matar rediyo ta ce hayaƙi sama yake bi. Ya sungume ta. Ashe ta yi rashin nauyi haka, shi bai sani ba, don matarsa ce ke ɗaga ta kullum. Ya kwantar da ita gindin taga, ya riƙe rodin da hannu biyu yana kwarmata ihu.

Tela ne ya fara zuwa, ya kashe wutar daga mita. Mutane suka taru, masu bokiti suna watsa ruwa ta tsakanin ƙarafan tagar falo, rabi ya shiga, rabi ya dawo musu a fuska. Wani ya zo da guduma ya nufi kwaɗo, ya rasa inda zai buga. Suka zagayo tagar ƙurya, ƙarti huɗu suka sa gatari da ƙarfen tayar mota, suna dannawa suna nishi.

"Ina ne ya fi rauni?" in ji tela, yana haki. "Kai ka yi aikin, faɗa mana inda za mu buga!"

Mai walda ya bi rodin da yatsu, mahaɗi bayan mahaɗi. Ya san kowanne. Ya san har cikin bulo ya nutsa su, ya bi da siminti.

"Babu," ya ce.

"Babu me?"

"Babu inda ya fi rauni."

Hayaƙi ya fara silalowa ta saman ƙofa. Inna tana tari, tarin yana ƙanƙancewa. Ya ɗaga kanta ya manna fuskarta tsakanin rodi biyu, inda iska take. Ga mutane nan, hannunsu na taɓa nasa, ga titi, ga rana, amma tsakaninsu da waje kamar tsakanin kabari da kasuwa. Tsohuwar ta buɗe ido ta dube shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wani mai babur ne ya samo matar a kantin magani ya ɗauko ta. Akwatin kwaɗon ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ta naɗe hannunta da gyale, ta cusa, ta murɗa, ƙarfen yana cin fatarta ta cikin ƙyallen. Aka shiga da jiƙaƙƙun barguna aka fito da su. Inna ba ta motsi.

Ta farfaɗo a asibiti, sai dai numfashinta bai koma yadda yake ba. Tana can ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya yanke tagar ƙurya, ya mayar da ita mai buɗewa kamar ƙofa, ya kafa ƙusa a gefe ya rataye makulli. Ya sa aka yanko wa kwaɗon gaba makulli na biyu. Ranar sallama ya je da murnarsa, ya tarar ƙanwarsa ta riga ta haɗa kayan tsohuwar.

"Inna, na gyara tagar. Ki zo ki gani, da yatsa ɗaya ma sai ta buɗe."

"Madalla. Ka bar wa matarka, ita ta biya kuɗinta da hannunta."

"To mu je gida."

"Gidan ƙanwarka zan je. Ɗakinta ƙarami ne, amma in na juya kai ina ganin ƙofa." Ta miƙa masa rediyon da hannun da ke aiki. "Ungo. Ni na gama jin nawa."

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Har yau gadon na nan a ɗakin ƙurya, ba kowa a kansa. Tela ya daina kiransa Gandiroba. Da yamma mai walda kan shiga ɗakin ya tsaya gaban tagar, ya zare makullin daga ƙusa don kar hannun ɓarawo ya kai gare shi, ya sa a aljihu. Ba ya kaiwa bakin ƙofa sai ya tsaya, ya dawo, ya mayar da shi.