Manomin da Ba Shi da Gona

Ranar da aka jona manhajar fitar da rahoto da rumbun bayanan kamfaninta na casar shinkafa a Haɗeja, Hajiya Zulfa da kanta ta zauna gaban kwamfuta. Ta nemi sunan manomin da ya fi kawo shinkafa bara, don ta ba shi kyautar taki.

Sai ga suna: Abdulwahid na Auyo.

Ta ƙwala wa akawunta kira. "Haris, wannan ba mai kwalekwale ba ne? Yaushe ya yi gona?"

"Hajiya, in ruwa ya cinye hanya, shi ke tsallako da buhunan kowa. Wanda ya sauke kaya, sunansa muke shigarwa."

Ta yi tsaki. "Daga yau ku riƙa tambayar sunan mai shinkafar. Takin kuma a bari. A liƙe wa bawan Allahn nan kwalekwalensa, yoyo yake yi."